Gangar Bawa Karakkai

Mas'udu bai taɓa nufin shiga sha'anin makaɗa ba. Malamin lissafi ne a wata firamare da ke Sabon Garin Gusau, kuma da aka ba da dogon hutun damina abin da ya tsara wa kansa bai wuce barci da gyaran babur ba. Abokin aikinsa Lukuman ne ya tare shi a bakin masallaci ya ce ƙungiyarsu ta shirya bikin kiɗan gargajiya, ana neman masu aikin sa kai, kuma ba wani aiki ba ne, jera kujeru ne kawai. Sai da ya je aka miƙa masa koriyar riga da takarda mai shafi huɗu, sannan ya gane bikin na kwana uku ne a gari uku: Tsafe, Bungudu, a rufe a Gusau. Kujerun ma an riga an ba wasu. Shi abin da aka rubuta a gaban sunansa shi ne, "Mai kula da Bawa Karakkai da jama'arsa."

"Wane ne kuma Bawa Karakkai?" ya tambayi Lukuman.

"Makaɗin noma ne, tsoho. Ka ba su ruwa, ka ba su abinci, in lokacinsu ya yi ka kai su gaban jama'a. Shi ke nan."

"Yaushe ne lokacin nasu?"

Lukuman ya karɓi takardar ya duba, ya juya ta, ya ce ai wannan ta jiya ce, an sake wata, zai kawo masa. Har aka gama bikin bai kawo ba.

Sun bar Gusau da sassafe a bas biyu. An kwana ana ruwa, dutsen Kwatarkwashi sai ƙyalli yake yi, gero ya kai ƙugu a gefen hanya. A Tsafe an kafa rumfuna a wani fili da ke bayan gari, ƙasa duk ta jiƙe. Mas'udu ya yi ta zagaye yana tambayar Bawa. Wani ya nuna masa wani mai kukuma, ya je ya gaishe shi har ya kawo masa ruwa, ashe shi ma Bawa ne amma na Tsafe. A ƙarshe ya sami nasa a bayan rumfa, mutum biyar sun tsuguna sun kewaye wutar kara.

"Sannunku da zuwa," ya ce. "Ba sai kun dafa komai ba, akwai abinci yana hanya."

Suka kwashe da dariya. Wani magidanci a cikinsu, wanda daga baya ya ji sunansa Nura kuma ɗan Bawa ne, ya matsa gefe ya nuna masa. Ganguna ne suka kara a jikin wutar. Ya ce fata in ta sha sanyin damina sai ta saki, kuma in ba ta ji wuta ba ba za ta yi magana ba.

Bawa ɗan siririn tsoho ne, hularsa ta koɗe, idonsa na hagu ya yi fari. Da ɗaya idon ya ƙare wa Mas'udu kallo.

"Mi sunanka, samari?"

"Mas'udu."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Malam Abdulrahman, wanda ya yi aiki a sakatariya."

"Abdulrahman na wa?"

"Abdulrahman Yahuza."

"Ku mutanen ina na?"

"Gusau."

"Gusau," tsohon ya maimaita a hankali. "Juya in ga ƙeyarka."

Mas'udu bai ga dalili ba, amma ya juya. Bawa ya ce, "To." Ya jawo gangarsa daga bakin wuta, ya shafa fatar da tafin hannu, ya ɗauki gula ya kaɗa wani ɗan gajeren kiɗa, bai fi a ja numfashi biyu ba. Wasu dattawa biyu da ke zaune a kan benci can nesa suka juyo a tare, suka dubi gangar, sannan suka dubi Mas'udu. 

Da aka fara wasa ya manta da maganar. Shi mutum ne da ko rediyo ba ya kunnawa sai don labarai, amma ranar ya sami kansa a tsaye a gefen rumfa da ledar ruwa a hannu ya kasa motsi. Inna Habiba ta Tsafe ta fito da matanta takwas, suka kifa ƙorai a cikin ruwa, suka fara bugawa a hankali kamar masu hira, ita kuma ta saki murya siririya tana waƙar wata mata da akuyarta ta cinye mata shanyar kuɓewa. Mata suna dariya har da riƙe ciki. Bayan su 'yan gambara suka shigo suka yi wa mai sanarwa tsiya a kan takalminsa, shi ma yana dariya. Mas'udu ya lura ƙafarsa tana bugun ƙasa, ya tsayar da ita, can kuma ta ci gaba.

Matsalar ta faru ne bayan azahar. Ruwan sha ya ƙare, ya tafi nema a cikin gari. Yana can mai sanarwa ya kira Bawa. Ba wanda ya je bayan rumfa ya gaya wa mutanen Karakkai, sai Bawa mai kukuma ya ji sunansa ya shiga ya yi wasa na biyu. Kafin a warware, hadari ya haɗo daga gabas, kuma direbobi suka ce ba za su yarda yamma ta same su a wannan hanya ba. Aka tashi, Bawa Karakkai bai buga ko sau ɗaya a gaban jama'a ba.

Mas'udu ya je ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Tsohon ya ce, "Ba komi." Amma yana juya baya ya ji kiɗan nan na safe ya biyo shi. Ya tsaya, kiɗan ya tsaya. Ya ci gaba da tafiya, aka sake bugawa.

A cikin bas ya tambayi Lukuman abin da gangar take cewa. Lukuman yana fama da waya biyu, ya ce ƙila ruwa tsohon yake nema. Ya tambayi Nura, ya ce taken wani babban mutum ne, yabo ne, sauran bayani sai Baba. Da aka tsaya shan mai ya leƙa ta tagar ɗaya bas ɗin ya tambayi Inna Habiba, wadda ta biyo su don wasan gobe, ya kwaikwaya mata kiɗan da baki. Ta dube shi da tausayi.

"Wannan ai zambo ne, ɗan nan. Amma tsohon zambo ne, ya girme ka."

Ya koma kujerarsa da amsa uku, ba wadda ta yi kama da wata. Ya fi yarda da ta Inna Habiba, tunda ya san ya yi laifi. Abin da ya kasa ganewa shi ne, tun da safe aka fara kaɗa masa, kafin ya yi laifin.

Bayan magariba yana cin tuwo da mahaifinsa a zaure. Malam Abdulrahman ya yi ritaya shekara shida da suka wuce, mutum ne mai tsari, ba ya son surutu a kan abinci. Mas'udu bai san yatsunsa suna buga gefen tire ba sai da ya ga tsohon ya tsaya da loma a hannu.

"A ina ka ji wannan?"

"Wanne, Baba?"

"Abin da kake bugawa."

Ya gaya masa. Malam Abdulrahman ya mayar da lomar cikin kwano.

"Bawa yana da rai ashe," ya ce. Ya wanke hannu ya shige ɗakinsa.

Mas'udu ya shiga cikin gida wajen mahaifiyarsa, Hajiya Aishatu, ya ba ta labari. Ta ce ita ba ta san wani Bawa ba. Yana shirin fita ta ƙara da cewa gobe ya sa hula mai kyau, kuma in wani dattijo ya gaishe shi a Bungudu ya durƙusa sosai. Ya tambaye ta dalili, ta ce ladabi ba ya buƙatar dalili, ta ci gaba da tankaɗen garinta.

A Bungudu taron ya ninka na Tsafe. Manoma sun zo daga Karakkai da Rawayya da ƙauyukan kewaye, wasu da laka a ƙafa, daga gona suka wuto. Wannan karon Mas'udu bai yarda ya matsa ko'ina ba. Ya tsaya a kan mai sanarwa har sai da ya rubuta "Karakkai" da manyan baƙaƙe a tafin hannunsa, kuma da kansa ya nemo karan da aka gasa gangunan.

Da hantsi aka kira su. Bawan da ke tafiya a duƙe yana jan ƙafa, da ya rataya ganga sai ya miƙe. Bugu uku ya yi, filin ya yi tsit. Nura da sauran suka shigo da nasu, sauti ya cika wurin har Mas'udu yana jin sa a ƙirji. Tsohon ya yi ta kiran sunayen manoma, rayayyu da matattu, kowane da takensa. In ya kira na wani gida sai ka ga mutum ya zabura daga cikin taro ya fito fili yana duƙawa yana sarar iska kamar mai huɗa. Wani dattijo da aka kawo a kan babur ya jefar da sandarsa ya yi taku biyar kafin 'ya'yansa su riƙe shi. Mas'udu bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma ya ji daɗinsa fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa a makaranta.

Sai kiɗan nan ya zo. Yanzu da ganguna biyar, da murya a kai. Bai kama kalmomin duka ba, harshen tsohon ya yi masa nauyi, amma ya ji "Yahuza" sau uku, ya ji "Rawayya". Bawa ya juyo ya nuna shi da gula. Kusan rabin filin suka juyo.

Ya duba bayansa ko da wani ake. Babu kowa sai tulin ledojin ruwa.

Aka fara zuwa wajensa. Wani dattijo ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki, yana cewa ƙeyar ce sak. Wani ya tambaye shi ko sun dawo ke nan. Wata tsohuwa ta ce ita ce ta yi goyon Abdu, ta tambaya ko har yanzu ba ya cin yakuwa. Wani kuma ya ja shi gefe ya ce masa maganar gonar fadama a bi ta a hankali, waɗanda ke nomanta ba su da laifi. Mas'udu yana ta durƙusawa yana cewa "To, Baba," "Madalla, Inna," bai san abin da yake amsawa ba. Wasu suna turo shi ya fita fili ya yi rawar, shi kuwa ko garma bai taɓa riƙewa ba.

Da aka sauka ya sami Bawa a gindin wata bedi yana shan fura. Ya zauna a ƙasa a gabansa.

"Baba, don Allah ka fitar da ni daga duhu. Me nake wa mutanen nan?"

Tsohon ya goge baki. "Ubanka bai hwaɗa maka komi ba?"

"Abin da na sani, sunan kakana Yahuza, ya rasu kafin a haife ni."

"Kakanka shi na sarkin noman Rawayya. Ubana ya yi mai kiɗi, ni ma na yi mai. In anka kaɗa wanga take, ko tuwo yake ci sai shi aje shi ɗauki galma." Ya kurɓi fura. "Shi ko ubanka, a samarinmu babu mai kama shi a kunya. Ranar wata gayya a gonar kakanka, mutum ya fi ɗari, ana tsakar aiki anka kawo mai takarda, wai an ɗauke shi aiki Gusau. Ya karanta, ya aje galma nan tsakiyar kunya, ya tahi wanka. Kakanka bai ce uffan ba. Ni ko ina yaro, jini na tafasa, ganga na wuyana. Sai niƙ ƙara ma taken wutsiya."

"Me wutsiyar take cewa?"

"Ɗan Yahuza ya bar kunya a gona."

Mas'udu ya juya maganar, ya ga ta kowane gefe aka ɗauke ta da zafi.

"Yara sunka ɗauka," Bawa ya ci gaba, "'yan mata sunka kai dandali. Bai sake kwana Rawayya ba. Ko rasuwar kakanka, ya zo anka yi jana'iza ya koma a ranar."

"To wanne kake kaɗa mini tun jiya? Na kakan ko na uban?"

"Na kakan."

Nura, da ke ɗaure ganguna a gefe, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Jiya kam ka haɗa da wutsiyar, Baba."

"Hannu na," in ji tsohon. "Ya saba."

Mas'udu ya koma gida bai san ko fushi ya kamata ya yi ba, kuma in fushin ne, da wa. Ya so ya yi wa mahaifinsa magana, ya same shi yana karatun jarida, ya gaishe shi, ya tsaya, ya wuce. Shi ma tsohon bai tambaye shi yadda aka yi a Bungudu ba.

Ranar rufewa a Gusau an cika da manyan baƙi da jawabai. An sauya tsari sau biyu kafin azahar, aka ce Bawa ne na uku, aka ce na ƙarshe, sannan aka kira shi ba zato ana tsakar rabon abinci. Mas'udu ya kai su fili a guje, ya koma gefe yana haki. A nan ya hango farar hula a layin baya, kusa da masu sayar da gyaɗa. Malam Abdulrahman ne zaune a kan kujerar roba, ya ɗora hannu biyu a kan lema.

Ya rasa abin yi. Ya yi tunanin ya je ya raɗa wa Nura su tsallake taken, amma an riga an fara, kuma bai san ko mahaifin nasa ya zo ne don ya ji ko don ya hana ba. Yana wannan lissafi Bawa ya juya idonsa mai gani ya bi layukan kujeru, ya tsaya a layin baya. Gular ta tsaya a sama. Sauran makaɗan suka yi ta riƙe kiɗan suna jiransa.

Ya kaɗa taken. Mas'udu ya kasa kunne iya ƙarfinsa ko zai gane inda yabon ya ƙare da inda wutsiyar ta fara, bai gane ba. Ya dai ga mahaifinsa ya miƙe, ya ratso tsakanin kujeru a hankali da lemarsa, har ya iso bakin fili. Wani mai koriyar riga ya zo zai tare shi, Mas'udu ya riƙe shi. Kiɗan ya mutu.

"Bawa," in ji Malam Abdulrahman, "ka tsufa. Ka ci bugu ɗaya a tsakiya. Ba haka babanka yake kaɗa shi ba."

"Abdu," tsohon ya ce. "Nuna mani."

Malam Abdulrahman bai karɓi gular ba. Da yatsa biyu ya buga a kan fatar, sau biyar, ya dakata, ya ƙara ɗaya. Bawa ya maimaita. Malam Abdulrahman ya gyaɗa kai, ya juya ya koma kujerarsa, aka ci gaba da wasa. Mutanen Gusau da ba su san komai ba suka tafa, sun ɗauka cikin shirin ne. Lukuman ma ya zo yana tambayar Mas'udu wa ya sa wannan a takarda, ya ce ya yi kyau.

Bayan la'asar Mas'udu ya sami mahaifinsa da Bawa su biyu a bayan rumfa a kan tabarma ɗaya. Muryoyinsu suna tashi suna sauka. Ya ji mahaifinsa yana magana da irin harshen Bawa, "munka" da "sunka", abin da bai taɓa ji a bakinsa ba. Wani lokaci kamar faɗa suke, har Bawa yana buga ƙasa da tafin hannu, sai kuma ya ga kafaɗun mahaifinsa suna rawa. Ya tambayi Nura ko ya shiga tsakani. Nura ya ce gardama suke a kan wanda ya faɗa rijiya a wata shekara, Bawa ne ko wani Haidar, a bar su.

A hanyar gida ya goya mahaifinsa a babur. Sun wuce kasuwa kafin ya yi ƙarfin hali.

"Baba, ya gaya mini maganar waƙar."

"Bawa yana ɗaukar kansa da girma. Ba waƙarsa ce ta hana ni zuwa ba."

"To mene ne?"

"Kula da ramin can."

Ya kauce wa ramin.  Sai da suka tsaya a ƙofar gida tsohon ya sauka, ya gyara babbar rigarsa, ya ce ranar Asabar ya zuba mai, da safe za su fita.

Asabar suka kama hanyar Rawayya. A bakin gari Malam Abdulrahman ya ce a tsaya, zai ƙarasa da ƙafa. Ya shiga gaba da saurinsa kamar mai zuwa ofis, Mas'udu yana tura babur a baya. Ya karya hagu a wani lungu, suka ci karo da katangar makaranta. Ya dawo ya bi dama, suka ɓulla wajen injin niƙa. Ya tsaya yana duban rufin kwano da ke ko'ina, ya ce da akwai wata tsamiya a nan.

"Tambayi wani," ya ce a hankali. "Ka ce gidan Yahuza."

Wata dattijuwa ce ta fito daga wajen injin da ƙwaryar gari a ka. Mas'udu ya gaishe ta ya tambaya. Ba ta dube shi ba, mutumin da ke bayansa take kallo. Ta daɗe a haka, sannan ta gyara ƙwaryar.

"Kun wuce shi tun can baya," ta ce. "Ku biyo ni."